Ƙugiyar Harafi da Girman Takarda: Matsalar Karantuwar Akwatin Take a Zanen Injiniyoyi a Abuja

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshen Hausa sun daɗe suna kokawa a kan yadda ake zubar da ƙugiyar baƙaƙen nan uku, watau ɓ da ɗ da ƙ, a jaridu da allunan talla da takardun hukuma. Galibi akan ɗora laifin a kan sakacin marubuci, ko rashin na'urar rubutu mai ɗauke da waɗannan haruffa. Wannan maƙala za ta duba wata hanya dabam da ƙugiya ke salwanta ko da an rubuta ta daidai tun farko, watau ta hanyar rage girman takarda. Fagen da aka zaɓa shi ne zanen da injiniyoyi da masu zayyanar gine-gine ke yi, musamman ɗan akwatin nan da ke kusurwar ƙasa ta hannun dama, inda ake rubuta sunan aiki da lambar zane da ma'auni da kwanan wata da sunayen waɗanda suka zana, suka duba, suka amince. A nan za a kira shi akwatin take.

An zaɓi Abuja ne domin birni ne da ya rayu a kan takarda kafin ya rayu a ƙasa. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairu na 1976 bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kuma kafa hukumar raya birnin, FCDA. Gamayyar kamfanonin Amurka mai suna IPA ta miƙa babban tsarin birnin a 1979, sannan Kenzo Tange na ƙasar Japan ya zayyana tsakiyarsa. Kafin gwamnati ta ƙauro daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, duk wani titi da gada da magudanar ruwa da aka gina sai da ya fara zama zane mai akwatin take. Har yau mai son yin gini a birnin sai ya gabatar da zane mai hatimin ƙwararren da ya yi rajista da COREN ko ARCON kafin a ba shi izini. Amma hannuwan da ke mayar da zanen ya zama gini, birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi, da yawansu da Hausa suke magana a wurin aiki, ko da kuwa ba Hausawa ba ne.

1.1 Abin da ya jawo hankali

Marubucin wannan maƙala ya taɓa zama sakataren kwamitin ginin wani ƙaramin masallacin unguwa a yankin Gwagwalada. An kawo mana zane a kan manyan takardu, sai muka ga tsadar kwafinsu, muka sa aka rage mana su zuwa takardar da na'urar kwafi ta shago ke iya ɗauka. Shugaban magina ya roƙi a rubuta masa bayanan da Hausa a gefen na Ingilishi, aka yi haka a kan babbar takarda, aka sake ragewa. Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, an yi wa zanen harsashi gyara, amma harafin da ke nuna gyaran a cikin akwatin take ya ƙanƙance har ba a iya bambanta B da D. Aka yi aiki da tsohon zane, sai da aka fasa wani sashe na harsashin, kuɗin sadakar jama'a ya tafi a banza. Na biyu, inda na rubuta ƊAKIN LIMAN da hannuna, ƙugiya da komai, abin da ya fito a ƙaramar takarda shi ne DAKIN LIMAN, sai wani matashin magini ya tambaye ni ko rufin kankare za a zuba a wurin, domin dakin, wasu su ce dekin, shi ne sunan wannan rufi a bakinsu. Na biyun dariya kawai ya jawo, amma asalinsa ɗaya da na farkon.

2.0 Takarda da akwati

Takardun zane da ake amfani da su a Nijeriya na jerin A ne, wanda Walter Porstmann ya tsara wa Jamus a 1922, ya kuma zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 216 a 1975. Girmansu da milimita shi ne kamar haka:

(1) A0: 841 da 1189
A1: 594 da 841
A2: 420 da 594
A3: 297 da 420
A4: 210 da 297

Hikimar jerin ita ce, idan aka ninke kowace takarda biyu, sai ta ba da ta ƙasa da ita, ba tare da siffarta ta sāke ba. Saboda haka duk saukowa mataki ɗaya yana mayar da kowane tsawo zuwa kusan kashi 71 cikin ɗari. Mataki biyu rabi ke nan, mataki uku kashi 35, mataki huɗu kwata.

Shi kuwa akwatin take, ƙa'idar ISO 7200 ce ke kula da shi. Bugun 1984 ya ce kada tsawon sashen shaidar zane ya wuce milimita 170. Bugun 2004 ya tsayar da akwatin a kan milimita 180, kuma girmansa ɗaya ne a kowace takarda, tun daga A0 har A4. Lissafin a fili yake: faɗin A4 milimita 210 ne, a cire 20 na gefen hagu inda ake huda takarda don sa ta a fayil, a cire 10 na gefen dama, saura 180. Dalilin daidaita girman kuma shi ne, babbar takarda ninke ta ake yi har ta koma girman A4, akwatin take yana bisa, yadda mai neman zane a kabad zai karanta shi ba sai ya warware ba. Idon da ke karanta akwatin A0 da wanda ke karanta na A4 nisansu da takarda ɗaya ne, don haka babu dalilin bambanta su.

Wannan hujja tana da ƙarfi muddin takarda na nan a girmanta na asali. Sai dai yau ba haka aikin yake ba. A kwamfuta ake zane, a tura shi ta waya, kowa ya buga a irin takardar da aljihunsa ya iya. Zanen A1 da aka buga a A3 akwatinsa ya koma milimita 90, na A0 kuwa kusan 64. Wannan ne ya raba masu zane gida biyu. Wasu na riƙe da girma ɗaya kamar yadda ƙa'ida ta ce, wasu na ganin a ƙara girman akwatin gwargwadon girman takarda, yadda idan an rage duka zuwa A3 za su fito daidai wa daida. Masu zayyanar gine-gine da yawa ma sun gwammace su miƙar da akwatin tsaye a ilahirin gefen dama. A ganina gardamar ta kauce wa inda gizo ke saƙar. Girman akwati ba shi ake karantawa ba, haruffan da ke ciki ake karantawa.

Akwai wani haɗari da ya kamata a ambata a gurguje. Ma'aunin da aka rubuta a akwati ba ya sākewa idan an rage takarda. Zanen 1:100 a A1 ya zama 1:200 a A3, amma akwatin na nan yana cewa 1:100. Maginin da ya ɗora ma'auninsa a kan takarda zai sami rabin gaskiya. Shi ya sa masu lura ke rubuta girman takardar asali kusa da ma'auni, su kuma zana sandar awo da za ta ragu tare da zanen.

3.0 Tsayin harafi

Ƙa'idar rubutun zane, ISO 3098, ta ba da jerin tsayin haruffa da milimita: 1.8, 2.5, 3.5, 5, 7, 10, 14 da 20. Da gangan aka sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da ta takardu, ta yadda harafi mai 5 a A2 zai koma 3.5 a A3. A nau'in rubutun da aka fi amfani da shi, kaurin layi kashi ɗaya ne cikin goma na tsayin harafi, tazarar da ke tsakanin harafi da harafi kuma ninki biyu ce na kaurin layin. Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce abin lura: an gane cewa idan farin da ke tsakanin layuka biyu ya yi ƙunci, tawada na cike shi wajen kwafi. Tsohuwar ƙa'idar Ingila, BS 308, wadda aka daɗe ana koyarwa a kwalejojin fasaha na ƙasar nan kafin BS 8888 ta gaje ta a 2000, ta ce lambar zane kada ta gaza milimita 7 a manyan takardu, bayanai kuwa kada su gaza 3.5 a A0, ko 2.5 a sauran.

To, mu yi lissafi. Bayanin da aka rubuta da 2.5 a A1, idan an rage zuwa A3, ya koma 1.25. Wanda aka rubuta da 3.5 a A0 ya koma kusan 1.2. Manyan haruffan rubutun jarida na yau da kullum sukan kai wajen milimita 2, ke nan wannan rubutu bai fi rabinsu da kaɗan ba. Kuma ba a ofis mai fanka za a karanta shi ba. A rana za a karanta shi, a takardar da ta sha ninki da gumi da ƙurar siminti, sau da yawa da idon dattijon da ya mance tabaransa a gida.

Duk waɗannan alƙaluma da haruffan Ingilishi a zuciya aka tsara su. Ingilishi na da haruffan da ke rikiɗa da juna idan sun ƙanƙance, kamar B da 8, ko S da 5, ko O da 0, amma bambancin kowannensu a gangar jikin harafin yake. Hausa kuwa ta ɗora bambancin ƙwayoyin sauti uku a kan wani ɗan lanƙwasa da bai kai rabin harafin ba.

4.0 Ƙugiya

Kafin a zauna a kan ƙugiya, an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an kuma gwada waƙafi a gefensa. A shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka kafu, a zamanin aikin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 kuma ta taimaka wajen yaɗa su. Zaɓi ne mai kyau, domin ƙugiya manne take da harafi, ta fi ɗigo jure wahalar ɗab'i. Amma juriya tana da iyaka.

A ɗauka ƙugiya ta kai kashi ɗaya cikin biyar na tsayin harafi. A harafi mai 3.5, milimita 0.7 ke nan, rabin wannan kuma kaurin layin kansa ya cinye, saura 0.35 na farin da ke ciki. Wato tun a takardar asali farin cikin ƙugiya rabin abin da ƙa'ida ta nema tsakanin haruffa ne. A rage zuwa rabi, farin ya koma ƙasa da 0.2, tawada ta cike shi, ƙugiya ta zama ɗan kumburi a kan harafi. A sake kwafin kwafi, kumburin ya ɓace. Harafin kansa yana nan ana karanta shi sarai, kuma a nan haɗarin yake: mai karatu ba ya jin ya rasa komai, domin kalma ce ta Hausa yake gani, sai dai ba wadda aka rubuta ba.

Sau da yawa akan ce muhallin magana na warware irin wannan shubuha, kuma gaskiya ne a labari ko wasiƙa. Shi ya sa muke karanta Hausa ba tare da alamar karin sauti ko tsawon wasali ba. Amma akwatin take da bayanan zane ba su da jimla. Kalma biyu ne ko uku, babu aikatau, babu abin da ya gabata. Dubi waɗannan misalai na zubin kamantau, dukkansu daga kalmomin wurin gini:

(2) baƙin ƙarfe / bakin ƙarfe
ƙusa / kusa
ƙwari / kwari
ƙafa / kafa
ƙasa / kasa
ƙira / kira

Na farkon ya fi kowanne tayar da hankali. Baƙin ƙarfe nau'in abin aiki ne, bakin ƙarfe kuwa wuri ne a jikin abin. Idan kibiya ta nuna gefen ginshiƙi aka rubuta BAKIN KARFE, duka ma'anonin biyu na iya zama daidai, kuma mai walda ba shi da hanyar sanin wanne ake nufi. Haka ƙwari da kwari a zanen hanya ko madatsar ruwa, inda ake maganar ingancin gini da kuma gangaren ƙasa a takarda ɗaya. Ƙafa kuma har yau ma'auni ce mai rai, duk da cewa Nijeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970: da ƙafa ake cinikin fili, da inci ake sayen bulo.

Al'adar rubuta zane da manyan haruffa zalla ta ƙara wa matsalar nauyi. A ƙananan haruffa, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ tana can ƙolin sandar harafi, ita kaɗai cikin fili. A manyan kuwa, ta Ɓ da Ɗ tana leƙowa ta kafaɗar hagu, inda take gogayya da harafin da ya gabata, ta Ƙ kuma ɗan lanƙwasa ce a kan hannun da dama can a karkace yake. A cikin ukun, Ƙ ce ta fi saurin komawa K, ita ce kuma ta fi yawa a kalmomin gini: ƙofa, ƙarfe, ƙasa, ƙarƙashi, ƙusa, ƙugiya. Ƙa'idar ISO 3098 ba ta hana ƙananan haruffa ba, don haka ina ganin bayanin Hausa a zane ya fi dacewa da su, ko da na Ingilishi na gefensa da manya aka rubuta.

Wani zai ce a koma wa waƙafi, a rubuta 'd da k' kamar yadda masu keken rubutu suka yi shekara da shekaru. A zane wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Waƙafi ya fi ƙugiya ƙanƙanta, ba shi da bambanci da ɗigon datti, sannan a tsohon tsarin awo shi ne alamar ƙafa.

Abokan aikinmu masu nazarin sauran harsuna za su ga cewa abin ya shafe su. Fulfulde na da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Yarabanci da Igbo kuwa da ɗigon ƙasa suke bambanta wasu haruffa, ga kuma alamomin karin sauti, kuma ɗigo ya riga ƙugiya mutuwa. Aikin haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya da Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranta a shekarun 1980, wanda Hermann Zapf ya sa hannu a zayyanarsa, littafi ya fuskanta. Harafin zane kuwa layi ɗaya ne mai kauri ɗaya, ba irin na littafi ba. Yanzu dukkan haruffanmu suna da gurbi a Unicode, amma da yawa daga salon haruffan da ke zuwa da manhajojin zane ba su ɗauke da su, sai mai zane ya buga ƙ ya ga alamar tambaya ta fito, ya haƙura ya sa k.

Ga kuma sunayen wurare. Akwai gunduma a Abuja da ake rubutawa Dakibiyu, wadda kunnen Bahaushe ke ji a matsayin ɗaki biyu. Sai dai a yi hattara. Sunaye da yawa a yankin daga harshen Gbagyi da maƙwabtansa suka fito, kuma ba hurumin mai zane ba ne, balle malamin Hausa, ya rataya wa sunan mutane ƙugiya bisa zato.

5.0 Kalmomin cikin akwati

Bugun 2004 na ISO 7200 ya tanadi gurbi na nuna harshen da aka rubuta zane da shi, kuma lambar Hausa a jerin harsunan duniya ita ce ha. Ke nan ƙa'ida ba ta rufe wa harshen ƙofa ba. Mu ne ba mu tanadi kalmomin ba. An yi aikin keɓaɓɓun kalmomi na nazarin harshe da adabi a 1990 ƙarƙashin jagorancin Ɗalhatu Muhammad, hukumar NERDC da ke Sheda a nan Babban Birnin Tarayya ta fitar da na majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Kalmomin zane kuwa suna nan a bakin magina, suna jiran mai tattarawa. Ga abin da nake ba da shawara don guraben akwatin:

(3) take, lamba, shafi, gyara, ma'auni, kwanan wata, mai aiki, mai zane, mai dubawa, mai amincewa

Babu ɗayansu mai ƙugiya, kuma da saninsa aka yi haka. Waɗannan kalmomi su ne ake rubutawa da mafi ƙanƙantar harafi a akwati, don haka gara a zaɓi waɗanda ba su dogara da ita ba. Hamzar da ke cikin ma'auni ba ta da haɗari, domin ko ta ɓace babu wata kalma da za a rikita ta da ita. Na fifita ma'auni a kan sikeli saboda sikeli ya riga ya zauna a kan abin auna nauyi a kasuwa. Gyara kuma ya fi bita, domin bita dubawa ce kawai, gyara shi ke nuna an sāke wani abu, wanda shi ne abin da magini ke bukatar sani.

Matsalar da ta rage ita ce ta fili. Kalmar Ingilishi ta gurbin kwanan wata haruffa huɗu ce, tamu goma. Ta gurbin amincewa takwas ce, tamu goma sha ɗaya. Idan za a sa harsunan biyu a akwati mai tsawon milimita 180, jarabar da za ta zo wa mai zane ita ce ya ƙanƙantar da na Hausa don ya shige. Mafita ita ce a bar tsawon akwatin yadda yake, saboda ninki da fayil, a ƙara masa tsayi zuwa sama, kowane gurbi ya sami layi biyu.

Taken zanen kansa da bayanan ciki ba za su kuɓuta daga ƙugiya ba, kuma bai kamata a guje mata a can ba, don ba za a daina cewa ƙofa ko ɗaki saboda na'urar kwafi ba. Abin yi shi ne a fara lissafi daga ƙarshe. A tambaya, wace ce mafi ƙanƙantar takarda da za a karanta wannan zane a kanta? A wuraren gini na Abuja amsar galibi A3 ce. Idan ana son rubutun Ingilishi ya tsira da 2.5 a A3, dole a rubuta shi da 5 a A1, da 7 a A0. Na Hausa kuwa ya hau mataki ɗaya sama: 7 a A1, 10 a A0, domin ya sauka a kan 3.5. Sannan a zayyana ƙugiyar zane da kanta, farin cikinta ya kai ninki biyu na kaurin layi kamar yadda ƙa'ida ta nema tsakanin haruffa, wanda zai sa faɗinta ya kai kashi uku zuwa huɗu cikin goma na tsayin harafi. A littafi irin wannan ƙugiya za ta yi kama da ta mahauta. A zanen da aka rage zuwa rabi kuwa, farin cikinta zai tsaya a kan 0.7 idan an fara da harafi mai 7, kuma wannan na'urar kwafi ta shago tana iya riƙe shi. Harafin gyara da lambar zane, waɗanda suka jawo mana fasa harsashi, kada su gaza 10 a A1, kuma a maimaita lambar a kusurwar sama ta hagu, inda ninki da yatsa ba su cika cin takarda ba.